Gidan da Ya Rushe Naka Ne?

Aikina rubuta manhaja ne. Kwanakin baya wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai ta nemi in tsara mata fom na waya, wanda za a zaga da shi Kusa da ƙauyukan kewaye, nan bakin iyakar Jibiya da Nijar, don tantance waɗanda za a gyara wa muhalli kafin damina. Kuɗin da suka tara na 'yan ɗakuna ne kawai. Tambaya ta uku a takardar da suka ba ni ita ce: "Gidan da ya rushe naka ne?" Wanda ya ce a'a, fom ya rufe, a wuce gida na gaba.

Layi ɗaya ne a rubutun kwamfuta. Kwana biyu na yi na kasa rubuta shi.

Mutanen Jibiya ba su manta ambaliyar watan Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka sama da 40 ta kuma rusa ɗaruruwan gidaje. Ruwa bai tambayi kowa takardar fili ba. Ɗan haya ya rasa katifa da buhun gero da wurin kwana, daidai da mai gida. Amma da zarar an ce "gidaje" ake ƙirgawa, asarar ta koma ta mai katanga, shi kuwa wanda ke kwana cikinta ya ɓace daga lissafi. Haka bazawarar da ke zaune a ɗakin ƙanin mijinta, haka wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu ya raɓa a zauren wani.

Ban ce 'yan ƙungiyar ba su da hujja ba. Shugabarsu ta ce mini, "Malam, in muka gyara gidan haya, wa muka yi wa? Gobe mai gida ya ƙara kuɗi, ko ya ce ɗansa zai yi aure." Gaskiya ta faɗa. Kuma mutumin da ya shekara goma yana tara tubali da kwano, ruwa ya tafi da su a dare ɗaya, yana da wani haƙƙi da ba na iya musantawa. Sai dai mayar da kowa inda yake kafin masifa yana nufin mai shi ya sake samu, marar shi ya koma rashinsa, mu kuma mu kira wannan farfaɗo da unguwa. Anya?

Ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda aka kafa a Amurka a 1976, ba ta tambayar abin da ka taɓa mallaka. Tana duba buƙata, sannan ka zuba guminka a ginin, ka biya sannu a hankali. Gumin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, aikin gayya ke nan, yadda ake taruwa a yi wa tsohuwa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Amma sharaɗin biya shi ma ƙofa ce, kuma wanda ya fi kowa talauci ne take rufewa a fuskarsa.

A 2024 an ƙaddamar da ginin gidaje 152 a Jibiya domin 'yan gudun hijira, haɗin gwiwar gwamnatin Katsina da hukumar UNDP. Abin farin ciki ne. Ni dai, saboda halin sana'a, mutum na 153 nake tunani. Kowace lamba tana da wanda ke tsaye a bayanta, kuma wani ne ya yanke cewa shi zai tsaya can.

A nan ne laifin irinmu yake. Za mu ce marainiya maki biyar, mai lalura maki huɗu, kwamfuta ta jera sunaye, kowa ya ce na'ura ba ta son kai. Alhali ni na zaɓi biyar ɗin, ina zaune gaban fanka. Da mai unguwa ne ya yi son kai, an san ƙofar gidansa, za a je a yi masa magana. Wa zai je ya yi gardama da waya?

Shawara uku na kai musu. A canza tambayar ta koma "Ina kuka kwana jiya?" A karanta ma'aunin makin a bainar jama'a a ƙofar dagaci kafin a rubuta sunan kowa. Inda mutum biyu suka yi kunnen doki, a jefa ƙuri'a a gabansu. Sun karɓi biyun farko, ƙuri'a kuwa suka ce za ta zama kamar wasa da halin mutane. Batun mai gidan haya har yau muna kai, ana neman yadda zai sa hannu gaban shaidu cewa ba zai tashi kowa ba na wasu shekaru. Masu gida biyu sun riga sun ce ba da su ba.