Wa Ya Aike Mu Ƙirgar Kwaɗi?

Duk sanda aka ce matasa su sa kai su zaga kududdufai da tafkunan da ke kewaye da Potiskum, su rubuta abin da ke rayuwa a ciki, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Aikin banza, makaho da waiwaye. Ana fama da tsadar gero, wa ya aike mu ƙirgar kwaɗi?" Tambayar tana da nauyi, ta cancanci amsa.

Mu fara da kasuwa, tunda nan muka fi sani. A Karar shanun garin nan babu mai loda tirela zuwa Kudu bai ƙirga ba. Wanda aka ba kiwon dabbobin wani, safe da yamma lissafi yake yi, don abin da ba a ƙirga ba, ranar da ya ɓata ba mai sani. To ruwan nan da abin da ke cikinsa, namu ne ko kiwo aka ba mu? Abin da muka koya tun a Islamiyya shi ne amana ce. A Suratun Namli an ba mu labarin Annabi Sulaiman (AS) yana bin tsuntsaye da bincike, har ya lura babu hudahuda. Mai mulki irin wannan bai raina duba tsuntsu ɗaya ba, balle mu.

Kuma abin ba baƙo ba ne a jiharmu. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya kowace Janairu, galibin masu yin ta 'yan sa-kai ne. A fadamar Haɗeja zuwa Nguru an kafa shirin kula da dausayin a 1987, a shekarar 2000 kuma aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. A Dagona, ƙasar Bade, agwagwa ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su yi hunturu. Bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Masu auna ruwa da masu ƙirgar tsuntsaye ne suka ajiye shaida a rubuce, ita ce ta ba kukan manomi da masunci ƙarfi a gaban hukuma.

Wani zai ce can babban ruwa ne, namu kuwa rami ne da aka haƙa don ƙasar gini, ba abin da yake ba mu sai sauro da tsargiya, ga yara na faɗawa. Gaskiya ne, kuma ran yaro ɗaya ya fi duk kwaɗin duniya. Amma kududdufai ba ɗaya ba ne. Akwai mai rai, wanda kifinsa ke cinye 'ya'yan sauro, balbela da zalɓe na sauka bakinsa. Akwai wanda leda da ruwan kwata suka kashe, shi ne gidan sauro na gaske. Akwai mai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, wanda ya kamata a hana yara wanka a ciki. Akwai wanda in aka cike shi aka yanka filoti, ruwan Agusta zai nemi mazauni a ɗakunanmu. Ta yaya za a bambance in ba a je an duba ba?

Sai dai ko da a ce halittar nan ba ta amfana mana komai, haƙƙinta bai faɗi ba. Mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, alhali karen bai biya shi ko kwabo ba. Gaiwa da ke kwance cikin busasshen laka tana jiran damina ba don mu aka halicce ta kaɗai ba. In amfani ne kawai ma'auninmu, ranar da tsoho ya daina amfani, da wannan mudun za a auna shi.

Ga masu niyyar aikin, sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a nemi izinin mai unguwa da mai fili, a kuma zauna da dattawan Ngizim, Karai-Karai da Bolewa, don sun riga mu sanin ruwan nan da abin da ya ɓace daga cikinsa. Na biyu, kada a rubuta abin da ido bai gani ba. Wanda ya ga kirinjijiya biyar ya rubuta hamsin, tauye mudu ya yi ta wata fuskar. Na uku, kada littafin ya zama jagoran mai tarko ko mai zuba guba a ruwa.

Littafi ɗaya, biro ɗaya, sau biyu a shekara, da kaka da bazara. Bai hana kowa zuwa kasuwa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.