Lauyan Diyya da Lamirin Kirista



A Bagauda, cikin ƙasar Bebeji, akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Kowace shekara samari da 'yan mata sukan zo wurin daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, sanye da baƙi da fari, bayan sun yi shekara 5 suna karatun shari'a a jami'a, domin su ƙara shekara guda kafin a ba su iznin tsayawa gaban alƙali. A wannan yanki namu kuma akwai hanyoyin da muka san halinsu: wadda ta bi ta Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore zuwa Jos, da ta Zariya wadda ta bi ta Kwanar Dangora. Da wuya a sami ikilisiya a Kiru ko Doguwa da ba ta taɓa binne wanda mota ta kashe ba, ko ba ta da gurgu wanda dā da ƙafafunsa yake zuwa Misa. Ga makarantar lauyoyi a ƙofar gida, ga masu rauni a cikin gida, amma da kyar suke haɗuwa. Dalili ɗaya shi ne talauci. Na biyu kuwa, wanda shi ne abin da nake so mu duba, tambaya ce ta lamiri: ya halatta Kirista ya nemi diyyar raunin da aka yi masa? Kuma mutumin da ya mai da neman diyya sana'arsa, halal yake ci?

Mun saba da amsar farko. Idan direba ya banke yaro, dattawa sukan taru, a ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Mai mota ya kawo buhun masara da 'yan kuɗi, a yi addu'a, a watse. Akwai alheri a cikin wannan al'ada, ba na musu, gama ta kashe wutar gaba da yawa a ƙauyukanmu. Amma bayan an watse, wa zai biya kuɗin asibiti na wata shida? Wa zai noma gonar wanda aka yanke wa ƙafa? Sau da yawa haƙurin da muke yabo, gwauruwa ce take biyan kuɗinsa ita kaɗai.

Littafi Mai Tsarki bai raba gafara da biya ba. A Fitowa sura 21, wanda ya buge ɗan'uwansa har ya kwanta, wajibi ne ya biya kwanakin aikin da ya rasa, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke. Mai san da aka sani yana tunkuyi, aka gargaɗe shi bai tsare shi ba, da wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe, duk doka ta kama su. Zakka bai tsaya a kan tuba da baki ba, ya ɗauki alkawarin mayar da abin da ya ƙwace riɓi huɗu. Eklesiya ma haka take koyarwa a wurin ikirari: wanda ya cuci wani, bayan an gafarta masa zunubi, sauran gyaran ɓarnar yana wuyansa. Gafara takan cire ƙiyayya daga zuciyar wanda aka cuta, amma ba ta ɗauke bashi daga kan wanda ya yi cutar sai in mai haƙƙi ne ya yafe da yardar ransa, ba don an taru an matsa masa ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan tun da daɗewa, kalmar diyya ma daga wajensu muka same ta.

Abin mamaki shi ne, dokar sakaci da ake koya wa ɗaliban shari'a a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello tana da jijiya a cikin Bishara. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, wata mace talaka mai suna May Donoghue ta sha lemon kwalba, ta ce ta sami ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, ta yi rashin lafiya. Wani lauya, Walter Leechman, ya ɗauki ƙararta ko da yake ba ta da abin biya, ya bi ta har kotun ƙoli ta Birtaniya. A 1932 alƙali Atkin ya ɗauko tambayar nan da masanin Attaura ya yi wa Yesu a Luka sura 10 game da ko wane ne maƙwabci, ya amsa ta da harshen kotu: maƙwabcinka shi ne duk wanda ya kamata ka hango cewa aikinka zai iya cutar da shi. Direban tirela da ya kwana bai yi barci ba ya kama hanyar Falgore, duk wanda ke kan hanyar maƙwabcinsa ne.

To, su wane ne masu wannan aiki? A nan Nijeriya ba safai ake samun lauyan da diyya kaɗai yake nema wa mutane ba, kamar yadda ake da su a Amurka. Namu yakan yi shari'ar gona yau, gobe ta gado, jibi ta haɗarin mota. Babbar shari'ar diyya da Kano ta taɓa gani ma irin waɗannan ne suka tayar da ita. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 10,000 a Arewa. A cikinta kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara wajen 200 ne aka sa cikin gwajin, aka ba rabinsu Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka kurumce ko suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu, kuma cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganin ba. Cikin waɗanda suka tsaya wa iyayen akwai Etigwe Uwo, matashin lauya daga Legas a lokacin, da Richard Altschuler, mai ƙaramin ofis a jihar Konetikat ta Amurka, wanda shari'o'in kashe aure na cikin abin da ya saba yi. Ba danginsu ba ne yaran nan, ba kuma yarensu ɗaya ba. Gwamnatin Kano ta kai tata ƙarar a 2007, a 2009 kuma aka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin rabon kuɗin ya nuna fuska biyu ta wannan sana'a. An ware miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuma domin kuɗin shari'a. Sai a Agusta 2011, shekara 15 bayan annobar, aka fara biya: iyali huɗu, kowanne dala 175,000, bayan gwajin ƙwayoyin halitta na tabbatar da dangantaka. Mai zargi zai ce, dubi abin da shari'a ta ci, dubi shekarun da uwaye suka yi suna jira. Gaskiya ne. Amma a tambaye shi: da ba a sami masu tsayawa ba, nawa manomi ko ɗan dako zai karɓa daga hannun kamfanin da ya fi jiharsa kuɗi? Ni a ganina ma'aikaci ya cancanci ladansa, lauya ma haka. Abin da za a auna shi ne ko ladan ya fito ne daga warkar da raunin, ko daga tsawaita shi.

Jarabar sana'ar ba ɓoyayya ba ce. Akwai mai zuga mutane su kai ƙarar da ya san ba ta da tushe, akwai mai ƙara wa rauni gishiri da takardar likita ta ƙarya, akwai mai haɗa baki da wancan gefe a bayan wanda ya ba shi amana. Dokokin aikin lauya a ƙasar nan sun yarda a yi yarjejeniya cewa sai an ci shari'a lauya zai ɗauki kasonsa, muddin kason bai wuce kima ba, wannan kuwa shi ne ƙofar da talaka ke shiga kotu. Amma sun hana lauya ya sa 'yan kamasho a asibiti ko ofishin 'yan sanda suna farauto masa masu rauni. Waliyyi Alfonsus Liguori, wanda ya zama masanin shari'a yana ɗan shekara 16 a Nafoli, ya bar aikin a 1723 bayan ya faɗi a wata babbar shari'a, yana tsoron kada kotu ta ci masa rai. Waliyyi Ibo na ƙasar Faransa, wanda ya rasu a 1303, shi kuwa ya zauna cikin aikin, yana tsaya wa matalauta ba ya karɓar ko anini, har Eklesiya ta ba lauyoyi shi ya zama majiɓincinsu, ana tunawa da shi ran 19 ga Mayu. Ɗaya ya fita, ɗaya ya zauna, duka biyu kuma tsarkaka ne. Saboda haka iyayen da ke hana ɗansu karatun shari'a don an ce lauya maƙaryaci ne, su sake tunani. Ikilisiyoyinmu na karkara sun fitar da malamai da ma'aikatan jinya, amma masu iya karanta takardar inshora su bayyana ta da Hausa ba su da yawa.

Sulhu yana nan da darajarsa, Manzo Bulus ma ya tsawata wa Korantiyawa a kan gaggawar kai juna kotu. Sai dai sulhun gaskiya yana bukatar kowa ya san haƙƙinsa kafin ya yafe. Doka ta wajabta wa kowane mai mota inshorar da za ta biya wanda ya buge. A Janairu 2023 aka ɗaga kuɗinta ga ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Tun 1976 kuma akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta. Idan haɗari ya auku, a nemi rahoton 'yan sanda, a adana kowace takardar asibiti, kada kuma a yi jinkiri, gama kowace ƙara tana da wa'adi, wata ma, idan jami'in gwamnati ake tuhuma, wata 3 ne kacal. Wanda zai ɗauki lauya, ya sa a rubuta kason da lauyan zai ɗauka tun ranar farko, a karanta masa da Hausa a gaban katekis ko wani dattijon ikilisiya kafin ya sa hannu.