Bargon Taya da Iyakar Riƙon Sababi

A filayen tseren babur na Turai da Amurka, irin su Donington Park da Brands Hatch a Ingila ko Mugello a Italiya, akwai ranakun da ake ware wa mahayan da ba tsere ne sana'arsu ba, inda mutum zai biya kuɗi ya shiga da babur ɗinsa ya yi gudu a kan kwaltar da babu mota, babu mai tsallaka hanya. Akan raba mahayan rukuni uku bisa ƙwarewarsu, kowane rukuni ya yi kamar minti 20 a fili sannan ya fito ya ba na gaba wuri. Daga cikin kayan da ake gani a rumfunan hutawa a irin waɗannan ranaku akwai bargon taya, wato mayafi mai wayoyin lantarki a cikinsa wanda ake naɗe tayar babur da shi domin ta ɗauki zafi kafin a hau, kuma wannan ɗan kayan aiki, duk da ƙanƙantarsa, yana taɓo wata tsohuwar mas'ala ta malaman tauhidi, wato inda riƙon sababi ya tsaya da inda dogaro ga sababin kansa ya fara.

Fahimtar mas'alar tana bukatar sanin dalilin ƙera bargon. Abin da ke riƙe babur a kwana shi ne ɗan wurin da roba ta taɓa kwalta, wanda faɗinsa bai kai tafin hannu ba, kuma roba ba ta kama kwalta sosai sai ta yi laushi ta shiga ƙananan ramukan da ke fuskarta. Tayar hanya ta yau da kullum an haɗa robarta yadda za ta yi aiki ko da sanyin safiya, amma tayar tsere, wadda sumul take babu zane a jikinta, ba ta ba da riƙonta sai ta yi zafi ƙwarai, idan kuwa da sanyinta aka kwantar da babur a kanta to santsi take yi ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka ake ɗaga babur a kan ƙarafan tsayawa gaba da baya, a naɗe tayoyin, a jona wa janareto ko wutar rumfa, a bar su kusan awa guda a kan zafin da ke kusa da digiri 80 na ma'aunin Salshiyos. Masu sanin aikin ba sa gamsuwa da ɗumin saman roba. Sukan zura hannu su taɓa ƙarfen da tayar ke ɗaure a kansa, idan shi ma ya yi ɗumi to zafin ya ratsa ciki, kuma a lokacin ne suke auna iskar taya, domin iska tana ƙaruwa da zafi. Akwai kuma amfani na biyu, shi ne cewa robar tsere tana taurara duk lokacin da ta yi zafi ta huce, don haka mayar da bargo tsakanin fita da fita yana tsawaita kwananta.

Sababi a harshen malamai shi ne duk abin da mutum yake yi ko yake amfani da shi don jawo amfani ko tunkuɗe cuta, tawakkali kuwa shi ne jingina zuciya ga Allah game da sakamako. Sanannen abu ne cewa Musulunci bai ɗauki waɗannan biyun a matsayin kishiyoyi ba, kuma labarin mutumin da ya yi tambaya game da ɗaure raƙumarsa ko sakinta, aka umarce shi da ya haɗa ɗaurewa da dogaro, ya isa hujja. Sai dai Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya zurfafa bayanin a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u Ulumiddin, inda ya kasa sabubba gida uku. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne idan ana tsoron halaka. Akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar ƙaho da shan magani, wanda yin sa ba ya rushe tawakkali. Akwai kuma na wahami, wato wanda amfaninsa ya fi zama a cikin tunanin mai shi fiye da a zahiri, kuma shi ne wanda mai tawakkali ya kamata ya bari.

Abin lura game da bargon taya shi ne ba ya zama a gida ɗaya daga cikin gidajen nan uku, yana sauya gida ne gwargwadon wanda ya riƙe shi. Ga ƙwararren mahayi mai tayar tsere, wanda zai murɗa totur tun daga kwanar farko, bargo ya kusa zama tabbataccen sababi, barinsa kuma ganganci ne da babu wanda zai kira shi jarumta. Amma zafin da bargo ke bayarwa aro ne, kuma yana fara tsiyayewa tun daga lokacin da aka cire shi. Taya tana samar da nata zafin ne ta hanyar lanƙwashewar jikinta a ƙarƙashin birki mai ƙarfi da kuma jan inji wajen fita daga kwana, wanda kuwa bai iya matsa mata haka ba, tayarsa hucewa take yi a ƙarƙashinsa yana cikin tafiya. Sabon mahayi da ya sayi tayar tsere da bargo don ya ga manya na yi, zai bar rumfa da taya mai zafi, ya tsaya minti biyu ko uku a layin jiran a buɗe fili iska na bugunta, sannan ya yi zagaye uku cikin taka-tsantsan, kuma a daidai lokacin da zuciyarsa ta natsu ya fara ƙara gudu, a lokacin ne robar ta fi sanyi. Har ma gefe da gefe sukan bambanta, domin a filin da yawancin kwanoninsa na dama ne, gefen hagu na taya yakan daɗe bai taɓa kwalta ba, sai ya huce alhali na dama yana da zafi. A hannun irin wannan mahayi, kayan da aka ƙera don kariya ya gangaro zuwa gidan wahami, kuma wahami mai tsada, tun da tayar hanya mai kyau da zagaye biyu na lallaɓawa sun fi masa aminci.

Wannan yana nuna cewa kuskuren da ake tsoro a wajen mai riƙon sababi ya wuce mantawa da Mai sabbabawa a zuciya, ya haɗa har da jahiltar sababin kansa, domin wanda bai san sharuɗɗan da abu ke aiki a kansu ba, ya mayar da shi laya ko da wayar lantarki ce a cikinsa. Masana halayyar ɗan Adam sun hango wani ɓangare na wannan daga tasu fuskar. A shekarar 1975 masanin tattalin arziki Sam Peltzman na Jami'ar Chicago ya yi bayanin cewa direbobi kan ƙara kasada idan suka ji an ƙara musu kariya, kuma ko da yake an yi ta jayayya a kan girman wannan tasiri, ainihin lurar tana da wuyar musantawa ga duk wanda ya san yadda natsuwar ƙarya ke sa hannu ya yi nauyi a kan totur.

Duk da haka, bai dace a zarce zuwa cewa ƙwarewa kaɗai ta isa ba, kamar yadda wasu tsofaffin mahaya ke yi wa bargo kallon ragwanci. Daga farkon kakar shekarar 2023 hukumar gasar tseren motoci ta juriya ta duniya ta hana ɗumama taya don rage amfani da makamashi, sai ga shi a filin Spa na Beljiyam cikin watan Afrilu, a yanayin sanyi, Brendon Hartley na Toyota da Antonio Fuoco na Ferrari kowannensu ya bugi shinge jim kaɗan bayan ya fito da tayoyi masu sanyi, lamarin da ya sa aka dawo da izinin ɗumamawa a tseren awa 24 na Le Mans a watan Yuni na wannan shekara. Waɗannan direbobi ne da ke sahun gaba a duniya, robar kuwa ba ta san darajarsu ba.

Saura tambaya guda da mai karatu zai iya yi, ko akwai ma'ana a maganar tawakkali ga wanda shi ya kai kansa wurin haɗari don nishaɗi. Malamai sun hana jefa kai cikin halaka, amma sun halatta sukuwar doki da tsere, duk da cewa mahayin doki yakan faɗi ya karye, abin da suke dubawa shi ne ko aminci ne ya fi rinjaye ga wanda ya ƙware kuma ya yi tanadi. A kan wannan ma'auni, mai gudu a rufaffen fili da hular kwano da rigar fata, ga motar asibiti tana jira a gefe, ya fi kusa da uzuri a kan mai yin irin wannan gudu a titin jama'a, inda ran wasu yake sakawa cikin cacar da ba su yarda da ita ba. Sai dai da yake shi ya zaɓi haɗarin, nauyin sanin kayansa ya fi ƙarfi a kansa, ba shi da damar fakewa da ƙaddara a kan abin da ma'aunin iska da taɓa ƙarfe da hannu za su iya gaya masa tun yana rumfa.

Hukuncin da ya fi dacewa shi ne cewa bargo wajibi ne ga mai hawa tayar tsere da saurin da zai riƙe mata zafinta, ga wanda bai kai wannan matsayi ba kuwa, tayar hanya ce daidai da shi, kuma kuɗin bargo da janareto sun fi amfani idan aka biya mai koyarwa da su.