RIKICEWAR JININ AL'ADA: HUKUNCI DA MAGANI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah (SWT), tsira da aminci su tabbata ga Annabi (SAW).

'Yan uwana mata, tambayar da ta fi yawa a ajin matan aure ita ce: "Malama, jinina ya rikice, in yi sallah ko in bari?" Wata sai ta share wata guda ba sallah, ba azumi, maigida yana gefe, alhali Shari'a ta riga ta ba ta tsarki.

Wannan lalura ta sami Sahabiya Fatima bint Abi Hubaish (RA), ba ta ji kunya ba ta tambayi Manzon Allah (SAW). Ya bayyana mata cewa jinin jijiya ne, ta bar sallah a kwanakin hailarta kawai, sannan ta yi wanka ta ci gaba.

Ga lissafin a mazhabar Malikiyya, kamar yadda muke karantawa a Ahalari. Wadda ta fara haila, iyakarta kwana 15. Wadda ta saba, idan jini ya zarce, sai ta ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, muddin jimillar ba ta haura 15 ba. Misali, mai kwana 6 za ta jira zuwa 9. Abin da ya wuce nan istihala ne: ta yi wanka, ta yi sallah da azumi, mijinta ya kusance ta. Mai wasan jini, yau ya zo gobe ya ɗauke, kwanakin jinin kaɗai za ta riƙa haɗawa, ranar da ya ɗauke kuwa ta yi wanka ta yi ibadarta. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne.

To sai maganar lafiya. Likitoci suna ganin tazarar kwana 21 zuwa 35 daidai ce. Shayarwa, allurar tazarar haihuwa, ƙarin mahaifa, ciwon maƙoƙo, rashin abinci mai gina jiki da gabatowar ɗaukewar al'ada duk suna rikita ta. Haka ma tashin hankali, wanda matan da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga sun san shi.

Mu nan muna da ƙarin dalili. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, saboda dakan dutsen zinare a cikin gida. Dalma tana taɓa al'ada, tana jawo ɓari. Wadda ta taɓa wannan aiki ta faɗa wa likita.

Don haka 'yar uwa, ki samu littafi ki riƙa rubuta ranar zuwa da ranar ɗaukewa, ko wata uku ne. Malami da likita duk shi za su nema. Kar ki afka wa jiƙe-jiƙe, kanwa ko ƙwayar kemis don "sauko da jini", wataƙila ƙaramin ciki ne. Maganin jinkirta haila don Hajji ko azumi, malamai da dama sun halatta idan ba cutarwa, amma da shawarar likita. Jinin da ya wuce kwana 8, ko mai guda-guda da jiri, ko bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ki garzaya babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya karɓi ibadunmu, amin.