Ƙaddara ce, ko rijiyar ce ba ta da murfi?

Duk lokacin da aka zauna zaman makokin ƙaramin yaro a nan Sabo, magana ɗaya ce ke yawo a baki: "Ƙaddara ce, haka Allah Ya so." Gaskiya ne kuwa, imani ba ya cika sai da yarda da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Amma mu da muke sallatar waɗannan 'yan gawarwaki, akwai abin da ke cinmu a rai. Sai a yi kwana bakwai ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, rijiyar da yaron ya faɗa tana nan a tsakar gida, baki buɗe, yadda take tun farko.

To, shin kalmar ƙaddara ta wanke mu?

Mun karanta a Islamiyya cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun: ɗauri da dogaro. Sayyidina Umar ma, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka ce ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Haka kuma a hadisin Jabir an yi umarni a tsare yara in magariba ta yi, a rufe ƙofa, a rufe ƙorai, a kashe fitila kafin barci. Wanda ya fi kowa tawakkali ke nan fa yake maganar murfi.

Mu dubi zamanmu. Gidan haya ne, ɗakuna goma suna kallon juna, kowace mace da rishonta a baranda, yara na rarrafe tsakanin tukwane. Kalanzir a gorar lemo, fiya-fiya a ƙarƙashin gado. Ɗan shekara 2 da ya ga gorar lemo, me zai yi in ba sha ba? In kuwa ya sha, sai a yi ta ɗura masa manja don ya yi amai, alhali aman ne ke tura kalanzir cikin huhu. Asibiti ake kai shi nan take. Ƙuna ma ruwa mai sanyi take so, kamar minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba. Bokitin wanki rabinsa ya isa ya kashe mai koyon tafiya, kuma ba za a ji ko tari ba. Janareta kuwa, da muke shigarwa lungu don tsoron ɓarayi, iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, in abu ya faru uwa ake dubawa. "Ina take?" Tana wanki, tana girki, ga goyo. Ina mu maza muke? Muna kasuwa, muna rufe shago da kwaɗo biyu saboda buhun albasa. Mai gida ya ce murfin rijiya na 'yan haya ne, 'yan haya su ce ai rijiyarsa ce. Shekara ta zagayo a kan kuɗin da bai kai na ɗinkin sallah ba.

Kada a ɗauka cewa muke a je a tsare uwar da ta rasa ɗa da tuhuma. Haba! Ita haƙuri za a ba ta, a tuna mata da ƙaddara, a nan ne kalmar take magani. Mu da namu ke raye, ba mu da hurumin aron ta tun kafin abu ya faru. Mun yi magana da wani mai walda a bakin masallaci, ya yarda zai yi murafan a biya shi kaɗan-kaɗan. Duk gidan da rijiyarsa ke buɗe, a zo a rubuta suna bayan sallar Juma'a.