Hukuncin Da Alƙali Bai Yanke Ba

Idan alƙali ya ɗaure mutum shekara 15, kowa ya san abin da aka karɓe masa. An raba shi da iyalinsa da sana'arsa, an hana shi fita da shiga sai da izni. Wannan shi ne abin da aka rubuta a takarda, aka karanta gaban jama'a. To, amma in ya shiga gidan yari aka karya masa ƙafa, ko aka ci mutuncinsa, wannan kuma hukuncin wane ne? Wa ya yanke shi, wa kuma za a tambaya?

Akwai wani wasan kwaikwayo na talabijin da aka yi a ƙasar Amurka, wanda ya tasa wannan tambaya gaba, bai sake ta ba har ya ƙare. Sunansa Oz. Wani marubuci, Tom Fontana, shi ya ƙago shi, tashar HBO ta nuna shi daga 1997 zuwa 2003, kashi 56. Labarin ƙage ne, amma ba daga sama ya faɗo ba. Sunan kurkukun da ke cikinsa, watau Oswald, an ɗauko shi daga sunan shugaban gidajen yarin jihar New York na lokacin boren kurkukun Atika a 1971, inda mutum 43 suka mutu. Ba wasa ne na yara ba, manya ma da yawa sai sun kau da kai, don ba a ɓoye jini ko ƙazanta ba.

A cikin kurkukun nan akwai wani sashe da wani ma'aikaci, McManus, ya ke riƙe da shi. Shi mutum ne mai kyakkyawar niyya, ya gaskata ana iya gyara mai laifi. Ya sa aka yi ɗakunan sashen da gilashi maimakon sandunan ƙarfe, wai don gandurobobi su riƙa ganin kome. Sai ga shi ana gani ɗin, ana kuwa kashe-kashe. Fursunoni sun rabu ƙungiya ƙungiya, kowa da tasa, wanda ba shi da kowa kuwa ya zama nama.

Cikin wannan gida aka jefa wani lauya mai suna Beecher. Mai ilmi ne, yana da mata da 'ya'ya, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Amma mashayi ne. Ya sha giya ya tuƙa mota, ya take wata yarinya ƙarama ta mutu, aka ɗaure shi shekara 15. Da zuwansa sai ya faɗa hannun wani Schillinger, shugaban ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata. Ya yaudare shi da daɗin baki har suka zama ɗaki ɗaya, sa'an nan ya mai da shi bawa, ya yi masa lalata, ya kuma yi masa tambari a jiki da wuta kamar yadda a ke yi wa sa. Kafin shekara ta zagayo, mutumin da ya shigo yana rawar jiki ya zama abin tsoro ga 'yan'uwansa fursunoni.

A nan ne mutane su kan rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Wani zai ce, “Shi ya jawo wa kansa. Wanda ya shuka ƙaya ba ya tafiya ba takalmi. Yarinyar da ya kashe fa, wa ya ji tausayinta?” Wannan magana ba ta banza ba ce, kada mu yi saurin ture ta. Iyayen yarinyar an ɗaure su da baƙin ciki ɗaurin rai da rai, ba su da ranar fita. In suka ji labarin wahalar Beecher ba su zub da hawaye ba, ba wanda ya isa ya zarge su. Wasan ma kansa bai wanke shi ba, ya nuna yarinyar tana dawo masa a zuci dare da rana.

Amma mu duba da kyau. Wanda ya azabtar da Beecher bai yi don yarinyar ba, bai ko damu da ita ba. Ya yi ne don ya fi shi ƙarfi. Da Beecher ƙato ne mai ƙungiya a bayansa, ko mutum goma ya kashe, da ba wanda ya taɓa shi. Ashe ke nan wannan hukunci na biyu ba ya bin girman laifi, raunin mutum ya ke bi. Mugu ya sha da sauƙi, mai sanyi ya sha da tsanani. Abin da a ke auna shi da ƙarfin damtse kuwa, ko me za a kira shi, ba a kira shi adalci ba.

Ga kuma wata. Mutumin da ke waje, in an kawo masa hari yana iya gudu, ko ya yi kururuwa maƙwabta su kawo gudummawa. Fursuna hukuma ta karɓe masa wannan duka. Ita ta zaɓa masa ɗaki, ita ta zaɓa masa abokin kwana, mabuɗi yana hannunta. Wanda ya ɗaure akuya a turke, kura ta zo ta cinye, ai ba ya ce ba ruwansa. Shari'ar Amurka ma ta yarda da haka a takarda. A 1994 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ma'aikacin kurkuku da ya san fursuna yana cikin babban haɗari ya yi ko oho, ya taka doka. A 2003, shekarar da wasan ya ƙare, majalisarsu ta yi doka ta musamman don hana fyaɗe a gidajen yari. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta ƙa'idodin riƙon fursuna, ta sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a tsare. Ma'anar ɗaya daga cikinsu ita ce, raba mutum da 'yancinsa shi kansa azaba ne, kada kurkuku ya ƙara masa wata a kai.

Wanda duk wannan bai taɓa zuciyarsa ba, to, ya duba inda abin ya ƙare. Gabar mutanen nan biyu ba ta tsaya bayan ganuwa ba. Beecher ya ƙulla makirci har Schillinger ya yi sanadin mutuwar ɗansa na cikinsa. Shi kuma ya sa ɗansa na biyu, wanda ke waje, ya sace 'ya'yan Beecher, aka kashe namijin, yaro ƙarami. Beecher ya sa aka kashe wanda ya yi satar. Yarinya ɗaya aka shiga da alhakinta, sai ga kaburbura uku sun ƙaru tun ba a kai ƙarshen labari ba. Wannan ƙage ne, gaskiya, an kuma cika masa gishiri don masu kallo. Amma lissafin hukumar Amurka ba ƙage ba ne: a ƙalla 95 cikin 100 na fursunonin jihohi za su fito wata rana. A 2008 mutanen da ke tsare a ƙasar sun kai wajen miliyan 2.3. Duk halin da kurkuku ya koya musu, da shi za su komo cikin gari.

Ni a ganina inda wasan ya fi ban takaici ba wurin wuƙa da jini ba ne. Wurin aji ne. McManus ya buɗe makaranta a sashensa, har da wani saurayi mai kisan kai wanda ya ke ɓoye cewa bai iya karatu ba, don kunya. Wanda ya koyi karatu da girma ya san wannan kunya, ya kuma san yadda ta ke faɗuwa ran da baƙaƙe suka fara haɗuwa su zama kalma. Ana cikin haka Gwamna ya ce ba kuɗi, ya soke shirin. Wannan ma yana da tushe. A 1994 majalisar Amurka ta hana fursunoni tallafin gwamnati na karatun jami'a, azuzuwa da yawa suka rufe a gidajen yari. Hujjarsu ita ce, yaya za a biya wa mai laifi abin da talaka mai gaskiya ke fama ya biya wa ɗansa? Ba a mayar da tallafin sosai ba sai a watan Yuli na 2023, bayan shekara kusan 29.