Ja da Baya ga Rago, Ko Gudun Matsoraci?

Akwai wani wasan kwamfuta da ake kira Europa Universalis IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013. A cikinsa mutum yana iya ɗaukar Kano ko Katsina ko Zazzau ya mulke ta tun daga 1444, ya tara haraji, ya ja runduna. Abin da ya ja hankalina a wasan shi ne dokar gudu. In rundunarka ta gwabza da abokan gaba, ba ka da ikon janye ta sai an yi kwana 12 ana fafatawa. In kuwa zuciyar mayaƙan ta karaya, to su da kansu za su ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ba sa jin umarninka har sai sun isa wani gari mai nisa. A jerin wasannin Total War ma haka ne, har yaran da suka ƙware sun san cewa ganimar kisa ba a fagen daga take ba, tana wurin sakin dawaki a bayan masu gudu.

Tambayar da masu tsara waɗannan wasanni suke ƙoƙarin amsawa da lissafi tsohuwa ce: yaushe ne juya baya yake zama dabara, yaushe yake zama abin kunya?

Musulunci ya riga su kafa doka. Gudu daga fagen fama yana cikin manyan zunubai, amma Suratul Anfal ta keɓe mutum biyu: wanda ya karkata don dabarar yaƙi, da wanda ya ja don ya haɗu da wata rundunar. Malaman fiƙihu ma sun sa adadi, wato in abokan gaba sun wuce ninki biyu, akwai rangwame. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, kwamandoji uku suka yi shahada, Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta ya zare sauran mutane daga bakin Rumawa ya dawo da su Madina. Wasu suka tare su da gori, Manzon Allah (SAW) ya wanke su.

To, mu dawo gida. Mutumin Birnin Kudu ko Gwaram ba sai an karanta masa wannan darasi a kwamfuta ba, don kakanninsa sun yi shekara wajen 50 suna zaune a bakinsa. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa saboda rigimar haraji da masarautar Kano, ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kai da Butawa da Warjawa da maƙwabtansu. Daga nan har zuwan Turawa, kudancin Kano bai yi barci da ido biyu ba. Kuma babban makamin Ningawa shi ne ja da baya. Su faɗo wa ƙauye, su kwashi mutane da dabbobi, kafin dawakin Kano su iso sun haye dutse, inda doki mai lifidi ba shi da wani amfani. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha ɗaura yaƙi a kansu, amma ya rasu ya bar su suna nan.

A ma'aunin wasa, Ningawa gwanaye ne. Sun janye a kan kari, sun tsira da mayaƙansu, sai a ba su maki. Amma mai karatu, duba abin da ke ɗaure a bayan wannan janyewa: matar wani ce, ɗan wani ne, an kama su suna cikin gona. Rundunar sarki ita ma in damina ta kawo jiki sai ta juya birni, don mayaƙan manoma ne. Wannan ma janyewa ce mai hujja. Wa ya rage? Mutanen garuruwan kan iyaka, masu ganuwa da ƙofa, waɗanda ba su da wani maɓalli da za su danna su koma baya. Gonarsu tana nan, rumbunsu yana nan. Nan ne nake ganin kwamfuta ta gaza. Tana ƙirga sojan da kwamanda ya tserar, ba ta ƙirga wanda ya bari a fili. Ƙauye a wurinta launi ne kawai a kan taswira, yau kore, gobe ja.

Shi ya sa ban gamsu da karin maganar nan ta ja da baya ga rago ba tsoro ba ne in an faɗe ta haka kurum. Rago yana ja ne don zai dawo ya yi karo. Wanda bai da niyyar dawowa fa?

Shekarar 1903 ta ba mu misali uku a runduna guda. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar dawowa, a Birnin Goga, ya sulale cikin dare ya bar jama'a. Waziri Ahmadu ya ƙi juyawa, ya fuskanci bindigogin Turawa a Kwatarkwashi, ya faɗi a can, har yau ana ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas kuwa ya ja ragowar mutane ya kawo su Kano, ya miƙa wuya, Lugga ya naɗa shi sarki. Masu kare Alu suna cewa hijira ya nufa, kamar yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi bayan faɗuwar Sakkwato. Mai yiwuwa. Sai dai Attahiru da rana ya tafi, dubban mutane suna biye da shi, kuma a cikinsu ya mutu a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai game da Alu ba tafiyar ba ce, rashin sallamar ce. Jarumi ne da ya ci basasar Kano da takobinsa, babu mai ce masa matsoraci, amma gari ya waye mayaƙa suna neman mai ba su umarni.

Abbas ne ya fi wahalar hukuntawa. Wasu har gobe suna ganin ya sayar, wasu suna ganin ya ceci rayuka ya mai da mutane ga iyalansu. Da a wasa ne, allo zai rubuta masa an ci shi da yaƙi. Ya yi sarautar Kano har 1919. Alu kuma aka kama shi aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926.